Bangon da Na Wanke a Hatta

Ranar Juma'ar da ta gabaci Kirsimetin 2011 na ɗauki bokiti da soso na nufi shagon shayin Baba Salim, ina 'yar shekara goma, sai rawar kai nake yi zan yi aikin lada. A Hatta, wani garin Larabawa da ke cikin duwatsu kusa da iyakar Oman, muke zaune lokacin, babana yana gyaran injinan niƙa dutse a bayan gari. Shagon ya girmi kwaltar garin. Tun ana hawa duwatsun nan da jakuna, a nan masu fasa dutse suke sauke gajiya, 'yan Oman da 'yan Pakistan, daga baya har da 'yan Nijar. Al'adarsu ita ce duk wanda zai bar garin sai ya zaro gawayi daga murhu ya rubuta sunansa a bangon ciki.

Ni ban san da wannan ba, datti kawai nake gani. A gidanmu kuwa ba a shiga Kirsimeti da baƙin bango. Mama takan ce, "Yesu ba zai zo ya tarar da ɗakina haka ba." Baba Salim ya sha ba ni dabino da shayi mai madara idan na taso daga makaranta, sai na ce bari in rama alheri. Na jira ya tafi masallaci, ya bar ƙofa a buɗe yadda ya saba, na hau benci na dirje bangon nan tas.

Da ya dawo ina tsaye ina washe baki, ina jiran yabo. Bai yi faɗa ba. Ya je kusa da taga ya dafa wani wuri daidai kafaɗarsa, ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan, binti, je ki gida." Wani direba ɗan Maraɗi ne ya gaya wa babana cewa a wurin ne ɗan Baba Salim tilo ya rubuta sunansa kafin ya tafi aikin jirgin ruwa, kuma teku ba ta dawo da shi ba. Ko hotonsa tsohon bai da shi.

Kunya ta sa na canja hanyar makaranta, har muka tashi a 2014 ban je na ba shi haƙuri ba. Wannan ya fi wankin bangon ci mini rai.

Bara na koma. Baba Salim ya rasu, shagon ya zama gidan shan kofi mai gilashi, masu zuwa kallon dam ɗin garin suna ta ɗaukar hoto. Yanzu na iya karanta Larabci sarai, amma har yau ban san sunan da na goge ba.