Hannuna a Cikin Hijabi

Shekarun baya, lokacin da mutanen Maiduguri ke tsoron duk yarinyar da ta doso taro da dogon hijabi, ni kuma ga ni da hannun da ba ya zama wuri ɗaya. Muna zaune a Gomari, ina ƙaramar sakandare. A aike ni sayen gishiri, in dawo da cikakken labarin akuyar maƙwabta, babu gishirin. Malamai sun ce rawar kai ce, mahaifiyata ta ce ko a ciki ban bar ta ta huta ba.

Wata rana ta aike ni kasuwa. A ƙofa ana layi, 'yan sintiri masu gora suna bincike. Tsayuwa a layi azaba ce a wurina, sai na shiga murza wani murfin kwalba a ƙarƙashin hijabi, ina lilo da ƙafa. Hankalina yana can kan wani mai gyaran keke, ban ga lokacin da layin ya watse ya bar ni ni kaɗai ba. Ashe har an yi mini magana ban ji ba.

"Ke fero, fito da hannunki a hankali," in ji ɗaya daga cikin 'yan sintirin, gorarsa a ɗage. Fero yarinya ke nan da Barbarci.

Na buɗe tafin hannuna, murfin ya faɗi ƙasa. Babu wanda ya yi dariya. Wata mai kayan miya da ta san gidanmu ce ta ce, "Ku bar ta, 'yar maƙwabciyata ce. Haka Allah Ya yi ta." Ita ta rako ni gida, ta faɗa wa mahaifiyata komai.

Mahaifiyata ba ta dake ni ba. Cewa kawai ta yi na gama fita, har makaranta, tunda a hanyar ma akwai shingen bincike. Wannan ya fi mini duka ciwo, don duk shirmena ina son makaranta.

Ƙanwar mahaifina, wadda rikici ya koro daga garinsu take zaune da mu tana ɗinkin hula, ita ta matsa aka kai ni asibiti. Likita ta saurare mu, ta ce ba iskanci ba ne, ba kuma aljanu ba. Larura ce mai suna ADHD, wato wahalar tara hankali da yawan motsi, kuma ana rayuwa da ita lafiya lau. Mahaifiyata ta ce, "To likita, mai gora ya san wannan?"

A gida gwaggon tawa ta miƙo mini allura da zare da ƙyallen hula. "Hannun nan ba zai daina ba," ta ce. "Sai a fito da shi waje a ba shi aiki, kowa ya gani."

Hular farko da na ɗinka, mahaifina ya saka ta ne don kara kawai. Amma na gano in allura na tafiya, kunnena yana buɗewa, har karatun da ƙanena ke yi da ƙarfi nake riƙewa. Bayan wasu makonni mahaifiyata ta yarda na koma makaranta da gajeren hijabi. A kowane shinge hannuwana suna waje, ina ɗinki, har wani soja ya fara tambayata yaushe zan gama tasa.

Har yau ina mantuwa, ina katse mutane a tsakiyar magana, kuma in ina son in fahimci abu sai na riƙe zare. Na daina jin kunyar hakan. Abin da na koya shi ne ba sai na zama wata daban ba, dabara kawai nake bukata.

Kwanan baya na tsokani mahaifiyata, na ce ta sha wahalar neman ta zaunar da ni. Ta ce, "Ni zamanki bai dame ni ba. So nake in kin fita ki dawo."