Kawu Mai Aski da Layin Masu Ƙorafi

Kawuna mai aski ne, amma tun yana saurayi ya yarda cewa muryarsa ta fi ƙarfin shago. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya sha waƙa kyauta, tunda ba a gardama da mai riƙe da reza. Da furfura ta fara leƙo masa, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta da makirufo, ya mai da ɗakin ajiyar kaya wurin ɗaukar murya. Ya jingina katifa a bango saboda amsa-kuwwa, ya toshe ƙasan ƙofa da tsohon bargo.

Makirufon ɗaya ne, don haka kowa shi kaɗai ake ɗauka. Kawu ya rera waƙarsa, matarsa da muke kira Anti ta yi amshi, ƙaninsa direba ya kaɗa jita, maƙwabcinsu mai walda ya buga ganga. A cikin manhajar kwamfutar, kowa da layinsa, kowane layi kuma da 'yar sandar da ake ja sama ko ƙasa don ƙara sauti ko rage shi.

Ranar da aka zauna sauraro rigima ta tashi. Direba ya ce, "Yaya, ina jitata? Ko a mota na manta ta?" Kawu ya ɗaga masa. Mai walda, wanda sana'a ta riga ta cinye masa rabin ji, ya ce gangarsa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar wani gida. Aka ɗaga. Anti kuwa kallo ɗaya ta yi wa Kawu, ya ɗaga nata fiye da na kowa. Da ya ji an binne shi, shi ma ya tura nasa. Ma'aunin sauti ya haye ja, alamar sauti ya wuce kima, ya yi zamansa, lasifika ta dinga ƙara kamar ana yaga buhu.

Kawu ya kwana biyu yana fama kafin ya gano cewa idan kowa ya ɗaga murya, ba a jin kowa. Ya sauke layukan duka, ya daidaita murya tukuna, sannan ya shigo da sauran a ƙarƙashinta kaɗan-kaɗan, ya bar tazara kafin ja. Waƙa ta fito tas. Masu ƙorafi kuwa ba su fasa zuwa ba.

Sai ya buɗe wani layi da babu komai a cikinsa. Wanda duk ya zo da kuka, Kawu zai sa wa layin sunan kayan kiɗansa, ya tashi ya ba shi kujera, ya ce, "Ja da hannunka, kada ka ce na cuce ka." Direba ya ja har sama, ya lumshe ido ya ce, "Yauwa, yanzu ka yi magana." Mai walda ma ya ja, ya tafi yana yabon adalcin Kawu.

Da Anti ta zauna, ta ja sandar sama, ta saurara. Sai ta sauke ta har ƙasa, ta sake saurara. Amshinta yana nan yadda yake.

Ta ce, "Maigida, ni ma askin ba ruwa za ka yi mini?"

Kawu ya fara tari. Ta ce ba za ta tona masa asiri ba, amma sai ya koya mata aikin. Ya koya mata, yana zaton kwana biyu za ta gaji. Ashe kunnenta ya fi nasa. Idan ya tafi shago, sai ta zauna ta bi waƙar gaɓa-gaɓa.

Wata rana da yamma ta kunna masa. Ya saurara har ƙarshe yana murmushi, ya ce, "Kin ji ko? Murya sai ƙara zaƙi take yi."

Ta ce, "Duk inda kake ƙoƙarin kaiwa sama, rage ka na yi."

Ya ce, "Ki sake kunnawa." Ya ji ta sau da dama, bai ce a taɓa komai ba.

Yanzu mutanen unguwa wurin Anti suke kawo abin da suka ɗauka. Kawu shi ke tarbar baƙi, yana gabatar da kansa a matsayin mai wurin. Idan za a fara ɗauka, shi ke kashe fanka, ya leƙa ta katanga ya roƙi mai walda ya ɗan dakata.