Gero Daga Sama

A bakin iyakar Jibiya, gefen layin manyan motoci, wani mai furfura a gemu yana zaune kan buhu, ya ɗora ƙaramin jirgi marar matuƙi a cinya kamar kaza marar lafiya. Jirgin tsoho ne, kyamarar da yake ɗaura masa kuwa sabuwa dal, ta fi ƙarfin wuyan da zai riƙe ta. Da ya kunna sai wuyan ya hau kakkarwa, ya langaɓe. Yana ƙara naɗa robar tayar keke, yana liƙa noti ta baya don nauyi ya daidaita. Tafin hannunsa na mai fartanya ne, sukundireba sai zame masa take. Wataƙila ɗansa ne ya aiko da kayan daga Maraɗi.

"Malam Zunnuraini, fim za ka fara da tsufanka?" in ji wani mai shayi da ke gefensa.

"Gerona na ƙauyen Bugaje nike son gani. Tun shuka ban taka gonar ba, hanyar ta ɓaci da 'yan bindiga."

"To in ka gan shi ya nuna, wa za ya yanko ma?"

Bai ɗago ba. Ya sake kunnawa.