Sikilata Ba Ta Taɓa Kwantar da Ni Ba

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya same ni, ni tela ne a Ƙofar Kaura, saurayi mai ji da kai, har daga GRA ake aiko mini da shadda. Ni da ƙanena duk muna da sikila. Tasa mai zafi ce, duk sanyi sai ta kwantar da shi asibiti, tawa kuwa irin da ake kira SC ce, sai in shekara ƙashina bai yi ciwo ba. A gidanmu ni ne lafiyayye. Inna takan kai shi ganin likita ta bar ni tsaron gida, har na girma ina yi masa tsiya cewa tawa sikilar ta suna ce kawai.

Da wani baƙin zare abin ya fara, ina ganinsa a kan farar shadda, in kai hannu in cire, babu komai. Daga baya ya zama kamar ƙananan ƙudaje suna bin duk inda na kalla. Mu masu sikila da zafi muke auna ciwo, wannan kuwa ko ƙaiƙayi ba ya yi. Abokan aiki suka ce gajiya ce, na yarda, na sayi tabarau a bakin kasuwa. Ƙanena ya roƙe ni in bi shi asibiti a duba, na ce masa ya ji da nasa.

Wata safiya gab da Sallah ina zura zare a allura, sai idona na hagu ya rufe da ja, sannan duhu. Likitar ido ta ce jinin sikila yana toshe ƙananan jijiyoyin bayan ido, sai idon ya tsiro da wasu sababbi marasa ƙwari. Su ne suka fashe, har suka ɓamɓaro fatar da ke ɗaukar gani. Ta ce sikila irin tawa ta fi yin haka, kuma da na zo da wuri da an ƙone su da hasken leza. Idona na dama aka ceto. Na hagu an yi masa aiki, bai dawo ba.

Ban yi kuka ba sai da muka koma gida, Inna ta riƙe fuskata ta ce, "Ashe kai ma kana ciki, ɗan nan, ni kuma ina can ina kallon ƙanenka." Ba laifinta ba ne, amma har yau ta ƙi yarda, kuma wannan ya fi idon ci mini rai.

Ina ɗinki har yanzu, sai dai aikin wuya na bar wa wasu. Ɗan'uwa mai sikila, kowace iri ce taka, je a duba maka bayan ido duk shekara, ko da ganinka garau yake. Iyaye kuma, in za ku asibiti da mai kuka, ku tafi da wanda ya yi shiru.