Shekarar da Babana Ya Ƙi Irin Gwamnati

Da hantsin wata Laraba, cikin watan Agusta na shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, muna cikin gulbi ni da ƙawayena muna ginin ɗakunan yashi, sai muka ji wani ƙugi daga kudu kamar iska ta shiga gonar gero. Rana tana nan tarwai, ko yayyafi ba a yi a garinmu ba. Wani makiyayi da ke kan tudu ya dinga kaɗa mana malafarsa yana ihu, ni kuwa da rawar kaina na kwance ɗankwali ina kaɗa masa, na ɗauka wasa yake yi da mu. Sai da na ga ruwa jajawur ya kunno kai, yana turo kututture da kara da wata akuya ƙafafu a sama, sannan na gane. Na suri ƙanena Sani a kafaɗa, muka haye gaɓa da rarrafe, takalmina ɗaya ya tafi ke nan har yau. Ashe can ƙasar Katsina aka kwana ana ruwa, Gulbin Kaba ya ɗauko shi ya kawo mana ba sallama.

Garinmu ƙarami ne, yamma kaɗan da Gazawa, gidanmu kuma shi ne na ƙarshe wajen gangare, domin kakana ya ce ba zai yi nisa da gonarsa ba. Kafin azahar duk gari ya koma kan tudu, mata da tabarmi da tukwane, maza suna jan awaki, muka tsaya ƙarƙashin wani gawo wanda ko ganye babu a kansa, kamar yadda gawo yake yi da damina. Daga nan nake kallon babban rumbunmu, wanda kakana ya gina da hannunsa a kan duwatsu. Ruwa ya kewaye shi, ya ci gindinsa a hankali, sai rumbun ya durƙusa kamar raƙumi, ya kwanta, jinkarsa ta tashi ta bi ruwa tana juyawa. Babana yana tsaye kusa da ni. Hannunsa da ke kan kafaɗata ya yi nauyi har na ji zafi.

Da ruwa ya janye, abin da ya bari ya fi zuwansa muni. Geron da ya riga ya fid da kai, muna ta lissafin tumu, ya kwanta cikin laka yana wari. Gyaɗa ta ruɓe a ƙasa. Inna, mahaifiyata, takan tura ni da ƙwarya in tono damman rumbunmu da suka maƙale a cikin tabo, mu wanke, mu shanya, ta daka ta yi mana kunu mai tsami wanda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sha. Sani ya daina kuka da ƙarfi, sai dai ya kwanta yana kallon mutum, wannan kuwa ya fi kukan ba ni tsoro.

Dole in faɗi ko mu su wane ne a garin nan, in ba haka ba wanda ya ji abin da babana ya yi zai ce taurin kai ne kawai. Kakana ya taɓa noma dami dubu a damina guda, ya yi bikin dubu, ya ciyar da gari da baƙi, aka naɗa shi Sarkin Noma, babana kuma ya gaje shi. Tun daga lokacin akwai abin da ake yi duk shekara. Ranar da aka yi ruwan shuka, kowane magidanci yakan zo ƙofar gidanmu da ƙoƙon irinsa. Baba ya yi bisimilla, ya sa hannun dama ya ɗebi cikin tafi ɗaya ya zuba a ƙwaryarmu, sannan ya haɗa hannu biyu ya ɗebo daga irin rumbunmu ya zuba a ƙoƙon mutumin, shi kuma ya girgiza ya gauraya. A karɓi ɗaya a mayar da biyu, haka dokar take. Bayan nan Baba ya ɗauki sungumi ya sari ramin farko, sannan kowa ya watse gonarsa. Babu mai jefa ƙwaya a ƙasa kafin wannan. Riƙon ƙwaryar kuwa aikina ne tun ina 'yar ƙarama, domin sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana sai dai Uwale, ya ce hannun uwarsa ne ya kamata ya riƙe iri. Ina jin kaina ƙwarai da wannan muƙami, ƙawayena sun sha fama da ni a kansa.

Ana cikin wannan hali sai ga mota daga Tasawa, ta maƙale a tabo bayan gari, samari suka turo ta har ƙofar maigari. Wani matashi malamin gona ya sauko, da gajeren wando da hular kwano, da gardi guda, wato ɗan sanda, a bayansa. Mutane suka ɗan ja da baya, domin a iya saninmu motar buro, wato ta ofishin hukuma, ɗauka take zuwa yi, ba kawowa ba. Malamin ya ce yanzu ƙasa tamu ce, gwamnati ta ji abin da ya same mu, ta aiko da irin wake mai saurin nuna. Ya ce gero ya wuce bana, amma in aka shuka waken nan a lakar da ruwa ya bari tun da sauran damshi, za a ci kafin sanyi, dabbobi kuma su sami harawa. Sharaɗi ɗaya ne: kowane magidanci ya zo da kansa ya tsaya gaban maigari, a shaida ruwa ya ci gonarsa, a auna masa.

Kowa ya je, ban da babana. Inna ta yi masa magana a tsakar gida, murya ƙasa ƙasa, tana kallon turmi. Ya ce, "Gidan ga ba a taɓa hita da ƙoƙo wohi a tahi ƙohwar wani ba. Ba a kaina za a hwara ba." Inna ta ce, "To yaran nan hwa, Malam?" Ya tashi ya fita. Ni kuwa da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na ɗauki ƙwaryar iri na ratsa ta bayan danga na je na kutsa cikin manya, na miƙa wa malamin gona. Ya dube ni, ya tambayi maigari ɗiyar wa ce, aka gaya masa. Ya durƙusa daidai tsawona ya ce, "Ba ni da ikon ba ki, yarinya. Ki ce wa babanki ya zo ya tsaya kurum, ko magana ba sai ya yi ba." Na ruga gida na faɗa wa Baba. Ya karɓi ƙwaryar daga hannuna ya kife ta a kan danga, bai dake ni ba, bai kuma dube ni ba. Da la'asar muka ji tashin motar, ta wuce da sauran buhunan zuwa garuruwan gaba.

Daga nan gari ya shiga wani hali. Kowane gida da wake a ƙoƙo, ga laka tana bushewa a idon kowa, amma babu wanda ya shuka, domin Sarkin Noma bai sa hannu ba, bai kuma sari ramin farko ba. Shi kuwa ya ce ba zai karɓi na mutane ba alhali ba shi da abin mayarwa, kowa ya je ya yi shukarsa, ya yafe. Dattawa suka ce ba a taɓa yi ba. Samari suka ce yunwa ma ai ba a taɓa gayyatarta ba, suka fara wasa sungumi a fili suna harare-harare. Kowace safiya nakan je bakin fadama in tura yatsa cikin ƙasa, jiya ya shige duka, yau sai ya tsaya a gaɓa, saman lakar ya fara tsagewa yana nannaɗewa. A bakin rijiya wata ƙawata, Rabi, wadda muke 'yar carafke tare kullum, ta ce mini a gaban mata, "Babanki na so ya kashe mu da yunwa." Na ajiye tulu na cakume ta, sai da aka raba mu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ina dukanta ina jin gaskiya ta faɗa.

Rannan Baba ya kira Inna ya ce ta ɗaure kaya. Za mu koma kudu, ƙasar Katsina inda kakanninmu suka fito, ya yi ƙwadago a gonakin dangi, in ya bar garin kowa ya sami sakewa ya yi shuka. Ƙwadago a inda ba a san shi ba ya fi masa sauƙi a kan miƙa ƙoƙo a inda aka san ubansa. Inna ba ta yi gardama ba. Ta naɗe tabarmi, ta ɗaure tukwane cikin raga, tana yi tana share fuska da bakin zane. Ni na zagaya bayan gida inda rumbu yake a da, na zauna kan ɗaya daga cikin duwatsun na yi kuka mai isata, domin na san in muka tafi, gonar kakana ta zama ta wani, mu kuma mun zama baƙi har abada.

Washegari da sassafe, an ɗora wa jaki kaya, Sani yana bayan Inna, sai muka ji sallama. Baba Nomau ne, maƙwabcinmu, tsoho mai ido ɗaya wanda suka yi noma da kakana. Muka fito. Bayansa magidantan gari ne kaf a tsaye, kowa da ƙoƙonsa, har samarin da suka wasa sungumi suna can baya sun sunkuyar da kai. Baba Nomau ya yi kamar bai ga jakin ba. Ya ce, "Sarkin Noma, mun kawo iri. Ƙasa na bushewa." Baba ya ce, "Nomau, ka san rumbuna na cikin gulbi. Mi zan maida muku?" Tsohon ya ce, "Ni ban zo tambayar rumbu ba. Uwale, ina ƙwaryarki?"

Na dubi Baba, bai ce in je ba, bai ce kada in je ba. Na ciro ƙwaryar daga kan danga na zo na tsaya a wurina. Baba Nomau ya miƙo ƙoƙonsa. Baba ya daɗe yana kallon ƙoƙon. Can ya yi bisimilla da wata murya da ban san shi da ita ba, ya sa hannu ya ɗebo, waken ya zubo cikin ƙwaryata yana ƙara. Amma Baba Nomau bai janye ƙoƙonsa ba. Ya ci gaba da miƙo shi, yana jiran biyun da ake mayarwa, ni kuwa na ce a raina tsohon nan ya zo tozarta mu ne. Jijiyar wuyan Baba ta tashi. Sai na ga ya haɗa tafukansa biyu, babu komai a ciki, ya ɗaga su bisa ƙoƙon, ya buɗe a hankali kamar mai gudun kada ƙwaya ta faɗi ƙasa, ya yi addu'ar da ya saba. Baba Nomau ya girgiza ƙoƙon sosai ya gauraya, ya leƙa ciki da idonsa ɗaya, ya ce, "Madalla. Bana ma ka cika hannu." Ya matsa, na bayansa ya matso.

Haka aka yi har mutum na ƙarshe, babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya ɗauke kai. Kowa ya girgiza ƙoƙonsa ya yi godiya, wasu kuma sai su karkata shi da gangan wake ya ƙara zubowa wajena, ni kuwa na yi kamar ban ga komai ba. Kafin a gama, ƙwaryar ta yi nauyin da sai da na tokare ta da ciki. Baba bai ce a sauke wa jaki kaya ba, Inna ce ta sauke abinta. Ya ɗauki sungumi muka gangara fadama, gari duk yana biye. Saran farko ƙasa ta yi ƙura. Ya ƙara matsawa gangare ya sake sara, sai ga baƙar laka mai sanyi ta fito a bakin sungumin. Na jefa ƙwaya, na rufe da diddige, ban ɗago ba sai da na ji ƙarar sungumi ta ko'ina.

Ba wani abin kirki aka samu ba, kada in yi ƙarya. Gefen tudu bai tsiro ba sam, mun makara. Amma na gangare ya yi, muka ci wake dafaffe, muka ci ɗanwake, muka ci ganyensa, har na rantse in na girma ba ni ba wake, rantsuwar da ban cika ba. Sani ya tashi ya yi ƙiba, shi ne yau yake noma gonar, kuma a wurin da rumbu ya faɗi ya gina wani a kan duwatsun nan dai.

Yanzu in gulbi ya yi ɓarna, motoci sukan zo da iri da taki, har da awaki, kuma ina sa wa masu kawowa albarka, domin na san abin da ƙoƙon wake ɗaya yake yi wa gida. Sai dai ba mai jiran Sarkin Noma, jikokina ma ba su san an taɓa yi ba. In ana rabo nakan ja sandata in je in zauna a gefe, mutane su ɗauka kallon masu karɓa nake yi. Ni kuwa dubawa nake in ga wane ne bai zo ba.