Itacen Jego

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, matata tana ɗauke da ciki na biyu. A ƙauyenmu na wajen Attantane, namiji ba ya jiran naƙuda kafin ya tara itacen jego, don kwana arba'in ake yi ana tafasa wa mai jego ruwan wanka safe da yamma. Wanda tarinsa ya yi ƙanƙanta, mata su sa shi a waƙar daka. Nawa ya kai kafaɗa, har matata tana tsokanata wai ko giwa na ji za ta haifa.

Sai ga ma'aikatan gandun daji daga Mayahi, aka tara mu ƙofar maigari. Babbansu, da ake ce wa mushe, ya ce hamada na tahowa, kowa ya rage ƙona itace. Gaskiya ya faɗa, mu ma muna ganin gawo na mutuwa a tsaye. Amma har ya gama jawabinsa ba a kashe motarsu ba, tana inuwa tana shan mai. Zamanin soja ne, wa ya isa ya nuna ta da yatsa? Suka bi gida-gida suna duba itace. Na yi rantsuwa busasshe na tsinto, ba wanda ya saurare ni. Suka kwashe shi kaf.

Matata ta haifi namiji. Kara babu, tunda gero bai yi ba. Kashin shanu babu, shanun sun mutu. Inna, mahaifiyata, ita ke yi mata wankan. Muka ƙone dangar gida, muka bi da ƙyauren ɗakina, duk da haka ruwan bai wuce ɗumi ba. Ƙafafun matata suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya.

"Sanyi ne ya shige ta," in ji Inna. Ta mirgino turminta, wanda aka kawo ta gidan babana da shi. "Hwasa shi."

"Inna, turminki fa?"

"Mi za mu daka cikinai? Hwasa, na ce."

Icen ƙirya ne, a hankali yake cin wuta. Ranar ruwa ya tafasa sosai. Ina waje na ji ihun matata da ganye ya sauka a bayanta, na ji Inna tana dariya tana cewa rakinta ya yi yawa. Muka ɗauka wuya ta wuce.

Matata ba ta kai arba'in ba.

Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti a Tasawa ta ce mini ciwon zuciya ne, wai zafin wankan ma ƙara shi yake yi. Ban taɓa gaya wa Inna ba. Har ta rasu tana kuka da waɗanda suka kwashe itacen, ni kuma ban san wa zan yi kuka da shi ba. Abin da na sani, rabin turmin ya saura, kuma da shi Inna ta ɗuma ruwan da aka wanke gawar matata.