Awakin Baba Maigadi a Ɗakin Haihuwa

Shekara shida Baba Maigadi yana tsaron asibitin da gwamnati ta gina ba ta taɓa buɗewa ba. Da rayuwa ta yi tsada, mutane suka fara cewa ɓarnar kuɗi aka yi, shi kuwa ya dinga kumfar baki.

"Ɓarna? Ku shigo ku ga gini. Rufin nan ko yoyo ba ya yi."

Ya fi kowa sani, don a ɗakin haihuwa yake ɗaure awakinsa, har uku sun haihu lafiya.

Rannan matarsa ta ce, "Malam, wai likitoci za su tare wata mai zuwa."

Ya daɗe yana kallon awakin.

"A wannan matsin? Gwamnatin nan ba ta san tattali ba."